Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Bari in fara da wata kunya da na sha, domin ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ni mai gyaran waya da kwamfuta ne a Tokoin, nan birnin Lome. Daga shagona babu nisa zuwa layin dogon da ya ratsa unguwa ya nufi arewa. Ƙarafunan suna nan, amma jirgin fasinja ya daɗe da daina bi. Jamusawa ne suka shimfiɗa mana dogo: na Aneho a 1905, mai kilomita 44, na Kpalime a 1907, mai kilomita 119, sai na Atakpame a 1911, wanda daga baya Faransawa suka ja shi har Blitta. Kawuna ya hau su duka a lokacin da yake fataucin goro, kuma har yau in ya fara lissafa tashoshi sai ka rantse jiya ya sauka.

Ni kuwa abin da na samu shi ne jirgin kwamfuta. Akwai wasannin da ake tuƙa jirgin ƙasa a cikinsu, kana zaune a kujerar direba, kana jan birki, kana lura da sigina. Microsoft Train Simulator ya fito a 2001, haka ma Trainz, wanda kamfanin Auran na Ostireliya ya yi. Daɗinsu shi ne kowa na iya gina tasa hanyar, da tashoshi da gadoji da itatuwa, ya ɗora a intanet wasu su sauke. Sai na ƙudurta zan gina wa Kawu layin Kpalime, ya sake ganinsa ko da a gilashi ne. Da yake faɗin dogonmu mita ɗaya ne, na nemo wata hanya mai irin wannan faɗi da wani bawan Allah ya gina a wata ƙasa, don in ga yadda ya yi. Hotunan da ya sa sun yi kyau ƙwarai. Na sayi data ta sefa dubu biyu, na kwana ina saukewa, da safe na aika a kira Kawu.

Ya zo da sandarsa ya zauna. Na buɗe. Sai ga kan jirgi a tsaye a tsakiyar fili fetal, babu dogo a ƙarƙashinsa, babu tasha, babu ko bishiya ɗaya. Wasan ya jero mini kaya fiye da ɗari da ya ce babu su. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan jirgin naka a sama yake tafiya?" Ya miƙe ya ce in na gama in kira shi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Mai karatu, ga yadda abin yake. Hanyar da mutum ya gina ba ta ɗauke da kayanta a cikinta. Takardar umarni ce kawai: a sa dogo kaza a nan, a dasa bishiya kaza a can, a kafa tasha kaza a wancan wuri. Shi dogon da bishiyar da tashar wasu mutane daban ne suka ƙera su, kowane a fayil ɗinsa. A Trainz kowane abu yana da lambarsa da ake kira KUID, kashin farko na nuna wanda ya yi shi, na biyu na nuna abin. In lambar na cikin rumbun wasan, Download Station, za a kawo maka. In babu, sai dai a nuna maka lamba tsirara, ka shiga duniya nema. Kuma abin jere yake kamar sarƙa: hanya na buƙatar tarago, tarago na buƙatar ƙafafunsa, ƙafafun na buƙatar sautinsu. Ni kayan haɗi nake kiransu, domin daidai suke da a ba ka tukunya a ce ga miya, ka buɗe ka tarar da sunayen kuka da daddawa da gishiri a rubuce.

To ga maganata, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba: duk wanda ya ɗora hanya bai faɗi kayan haɗinta ba, bai kuma tabbatar ana samunsu ba, bashi ya ɗora wa mutane ya sa masa suna kyauta.

Na san amsar da ake bayarwa, na sha jin ta. Ana cewa ai kyauta ce, wanda aka ba kyauta ba shi da bakin ƙorafi. Kyauta a wurin wa? Wanda intanet ɗinsa ke zuba dare da rana kamar famfo, in ya sauke abu ya ga bai yi ba, gogewa zai yi ya wuce. Mu nan awon data ake mana kamar man ja. Abin da na ƙona a daren nan kuɗin cefanen gida ne, ban da kwana huɗun da na ƙara ina farautar lambobi. Wanda ya sa hotuna masu kyau ya ɓoye jerin abin da ya rage, ya sayar mini da kifi a ruwa, ko da bai karɓi ko dala ba. Wani ma sai ka gama wahala sannan ka gane ginin nasa ya jingina da kayan da sai an saya da katin banki, abin da layi ɗaya na gargaɗi zai hutar da kai.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, kuma dole in yi mata adalci. Maginin zai ce ba shi da ikon tattara kayan wasu ya raba, domin masu su sun hana. Gaskiya ne, haƙƙin mai abu haƙƙi ne, ni ma ba na goyon bayan a kwashi gumin mutum ba izini. Amma wa ya hana ka rubuta jeri? Wa ya hana ka gwada hanyarka a kwamfutar da ba ta taɓa ganin kayanka ba? A taka kwamfutar komai zai tashi daram, tunda shekara da shekaru kana tara kaya har ka manta inda ka samo su. Kuma wa ya tilasta maka ɗauko bishiya daga wani lungun da kai kaɗai ka sani, alhali wasan ya zo da nasa itatuwan? Ado ka nema, ka manta cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Su ma masu ƙera kayan suna da nasu kason. Mutum ya yi gada mai kyau, ya rubuta cewa kada kowa ya sake ɗora ta a ko'ina, ya ajiye ta a shafi ɗaya tak, sannan ya yi tafiyarsa. Shafuka kuwa mutuwa suke yi. An rufe GeoCities a 2009, hukumomin Amurka sun rufe Megaupload a Janairun 2012, RapidShare ya bi su a 2015. Tsofaffin adireshi nawa na latsa na tarar da kango! Duk hanyar da ta dogara da waccan gada ta rushe ke nan, mai gadar bai ƙaru da komai ba. Kada a ce wannan matsalar masu wasa ce kawai. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya janye wata 'yar aba mai layi 11 da ake kira left-pad daga rumbun npm, nan take ayyukan manyan kamfanoni suka tsaya cak. In ƙwararru sun yi tuntuɓe da layi goma sha ɗaya, ina ga yaron da ke koyo a Tokoin?

Yanzu bari in juya wuƙar a kaina. Bayan wata uku na gama ɗan yanki na layin, daga tashar Lome zuwa bayan gari. Don ɗoki na kwafa wa wani abokina da ke Agoe. Da dare ya kira ni yana dariya, ya ce jirgina ma a sama yake tafiya. Abin da na zagi wani a kansa shi na aikata, domin mai ɗaki ba ya jin warin ɗakinsa. Da na ba Kawu labari sai ya tuna mini 1977, shekarar da hukuma ta tashi tsohon Zongon Lome ta mai da mutane can arewa da gari. Ya ce kowa ya ɗauki kwanon rufinsa da ƙyaurensa, amma an daɗe kafin wuri ya zama gida, saboda gida sai da maƙwabci da mahauci da mai ruwa. Abin da ke riƙe da abu, in ji shi, ba a ganinsa sai ranar ƙaura.

Daga ranar na ɗaure kaina da sharuɗɗa huɗu, kuma su nake nema daga kowane magini. Ka rubuta jerin kayan haɗi tun kafin hoto, da nauyinsu, da waɗanda ake saya. Ka gwada a kwamfutar wani kafin ka saki. Abin da ba a samu a rumbun da kowa ke iya shiga, ka nemi izinin haɗawa ko ka canja shi. In kuma kai ne maƙerin, ka rubuta a fili cewa an yarda a adana kayanka a raba bayan ka bar harkar. Wanda ba zai iya waɗannan ba ya bar hanyarsa a kwamfutarsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wannan ya fi shafarmu fiye da kowa. Layukan Ingila da Jamus suna da masu gina su bila adadin, in ɗaya ta lalace akwai wata. Layin Kpalime fa? Ko na Kano zuwa Nguru? In ɗayanmu ya gina shi sau ɗaya a kan kayan aro, ranar da aron ya ɓace shi ke nan, dogon ya mutu sau biyu.

Na sake gina nawa yankin da kayan da wasan ya zo da su. Bishiyoyin ba su yi kama da namu sosai ba, amma suna nan. Makon jiya Kawu ya dawo, ya zauna, jirgi ya tashi a kan dogonsa. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce na sa tasha a hannun da ba nata ba. Gobe zan gyara.