Gwiwar ɗan ƙwallo da surutun majalisa: abin da muke gani a Tudun Wada

Duk wanda ya taɓa zama a majalisa ko gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada, daga gefen Kasuwar Barci har zuwa bakin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya san hirar ba ta ƙarewa a kan Arsenal da Chelsea ko Madrid da Barcelona. Da an tashi daga wasan Turai sai a dawo gida: wane yaro ne ya fi kowa a unguwa, wane ejan aka ce ya zo kallonsa, wa za a kai gwaji Legas ko Abuja, wane sashe ne zai ɗauki kofi a gasar ɗalibai, kuma yaushe za a rama cin da 'yan Tudun Nupawa ko Unguwar Sanusi suka yi. Idan yaro ya ji rauni, a majalisar nan ake fara duba shi. Wani ya ce targaɗe ne kawai, wani ya ce raki ne, wani ya ce a kai shi wurin mai ɗori ya ja ƙafar, jibi zai buga. Mu likitoci sai daga baya muke ganinsa, wani bayan wata uku, wani bayan shekara.

Ba banza mutanen Kaduna ke da wannan zumuɗi ba. A tawagar Najeriya da ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel, duk 'yan garin nan. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010. Yaron da ke buga tamaula a filin makarantar firamare ya san cewa daga irin wannan ƙurar waɗancan suka fito, iyayensa ma sun sani. Saboda haka ƙafar yaro ta tashi daga ƙafa ta zama jarin gida. Matsalar tana farawa ne daga ranar da jarin ya samu taɓuwa, kowa ya ga ya fi masa sauƙi a ɓoye.

Gwiwar da ta yi ƙara

Ga irin labarin da ya fi maimaituwa a ɗakin duba marasa lafiya. Saurayi ɗan shekara 17 ko 19 ya juya da gudu, ƙafarsa ta kafe a ƙasa, ya ji ƙara a cikin gwiwa, ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kafin dare gwiwar ta kumbura. Bayan mako biyu ko uku kumburin ya sauka, yana tafiya daidai, har yana ɗan sassarfa, sai kowa ya ce ya warke. Ya koma fili. Daga nan duk lokacin da ya yi yanka ko ya diro daga tsalle sai gwiwar ta kuɓuce masa, ta sake kumbura.

Wannan shi ne kamannin tsinkewar jijiyar da ke tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Aikinta ta hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba da murɗewa a ƙarƙashin ƙashin cinya. Ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum, shi ya sa ake kawo mana hoton ana cewa "ai likita ba a ga komai ba". Ana gane ta ne da gwajin hannu na wanda ya san aikin, a tabbatar da hoton MRI. Haɗarin komawa fili da ita a tsinke shi ne, kowace kuɓucewa tana iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwar. Wanda ya zo da wuri matsala ɗaya ya kawo. Wanda ya yi shekara yana buga wasa a haka ya kan zo da biyu ko uku, kuma ya kama hanyar ciwon sanyin ƙashi tun yana saurayi.

Magoya baya sun san labarin Sadiq Umar, wanda shi ma a Kaduna aka haife shi. A Satumban 2022 ya koma Real Sociedad daga Almeria, ya ci Atletico Madrid a wasansa na farko, kwanaki kaɗan bayan haka wannan jijiya ta tsinke masa a wasa da Getafe. An yi masa tiyata, bai sake buga wasa ba a ragowar kakar. Ƙungiyar da ta zuba miliyoyin yuro a kansa, mai likitoci da kayan aiki na kanta, ta haƙura da shi tsawon wannan lokaci, domin bayan irin wannan aiki shawarar da aka fi bi ita ce kada a koma gasa kafin wata tara. Amma a unguwa, yaron da ba a ma yi wa hoto ba ake cewa ya daure ya buga wasan kusa da na ƙarshe ranar Lahadi, saboda "mai kallo zai zo".

A ganina nan ne lissafin majalisa ya fi kuskure, ko da kuɗi kaɗai za a duba. Babu ƙungiyar kirki a Turai ko ƙasashen Larabawa da ke sa hannu a kwantiragi ba tare da ta duba lafiyar ɗan wasa ba, kuma gwiwa da zuciya su ne kan gaba. Amokachi da kansa, da duk sunansa, ciwon gwiwa ne ya rage masa shekarun wasa. Bayan ya bar Besiktas a 1999, ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta fasa ɗaukarsa saboda bai tsallake gwajin lafiya ba, a lokacin bai kai shekara 30 ba. Raunin da aka ɓoye wa koci a Tudun Wada, na'ura za ta nuna shi a cikin minti talatin a can, bayan an sayar da fili an biya kuɗin jirgi. Tun da maganar ta zo, iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Wanda ya zo yana neman kuɗi don ya fitar da ɗan shekara 15, a tsaya a yi masa tambayoyi.

Ƙwaya kafin wasa

Ta yaya yaro mai ciwo ke iya buga minti 90? Da ƙwaya. Diclofenac da ibuprofen sun zama kamar goro a jakar wasu 'yan wasa, wasu kuma sun wuce zuwa tramadol. Magungunan farko suna rage jinin da ke ratsa ƙoda, kuma idan aka haɗa su da zufar Maris da Afrilu, ko wasan yamma a cikin azumi, ƙodar saurayi lafiyayye na iya taɓuwa. Suna kuma cin bangon ciki. Tramadol kuwa yana kawo jiri da jinkirin tunani, yana iya tayar da farfaɗiya, ga shi da kama jiki. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa, saboda haka mai burin fita waje da ya saba da shi yana gina wa kansa rami ne. Sannan zafin da ake kashewa shi ne ke hana mutum ɗora nauyi a kan abin da ya lalace.

Game da masu ɗori, ba za mu ce ba a taɓa dacewa ba, kuma mun san dalilin zuwa wurinsu: suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, kuma ana ganin girmansu. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin gwiwa, kuma ja da murza ba sa haɗa jijiyar da ta tsinke. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ɗauri mai tsanani a kan karaya sabuwa da ke kan kumbura. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Ana rasa ƙafa da hannu ta wannan hanya. Ga yaran da ba su gama girma ba akwai ƙarin dalili: a ƙarshen dogayen ƙasusuwansu akwai wuri mai laushi da ƙashin ke tsawo daga nan, kuma abin da ake kira targaɗe a yaro ɗan shekara 12 wani lokaci karaya ce a wannan wuri. Idan ta haɗe a karkace, ƙafar na iya tasowa a gajarce ko a lanƙwashe.

Wannan wurin girman ƙashi shi ne FIFA ke dubawa a wuyan hannu da hoton MRI don gane shekaru, tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009 da aka yi a Najeriya, wadda filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasu wasanninta. A majalisa rage shekaru abin raha ne. A asibiti kuwa ma'anarsa ita ce ƙato ɗan shekara 21 ya taka ƙwaurin ɗan shekara 14 a gasar da aka ce ta yara ce.

Kai da zuciya

Gwiwa tana ba da lokaci. Kai da zuciya ba sa bayarwa. Idan 'yan wasa biyu suka yi karo da ka, ba sai mutum ya suma ba kafin a ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Ruɗewa, jiri, ciwon kai, gani biyu-biyu, ko maimaita tambaya ɗaya sun isa. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, ɗan wasan Jamus Christoph Kramer ya ci gaba da wasa bayan an buge shi a ka, har ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. A 2024 aka shigar da damar ƙarin canji saboda bugun kai cikin dokokin ƙwallo, kuma ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin unguwa da makarantu ta ce kada a koma gasa kafin kwana 21. Mu a nan, a watsa masa ruwan leda a ka, 'yan kallo su yi tafi, ya koma. Wanda aka buga a ka ya fita, ba ya komawa a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai a daren. Idan ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko ciwon kan ya ƙaru, ko wani ɓangaren jiki ya yi rauni, ko ya yi jijjiga, asibiti kai tsaye.

Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agustan 1989, ana wasa da Angola. Ranar 8 ga Maris 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana wasa da Katsina United, shi ma bai tashi ba. A Yunin 2021 zuciyar Christian Eriksen ta tsaya a fili a Kofanhegan, aka fara danna ƙirjinsa nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya, daga baya ya koma buga ƙwallo. Ɗan wasan da ya zube ba tare da an taɓa shi ba, ba ya amsawa, ba ya numfashi daidai, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya. Ba a tura masa cokali a baki, ba a zuba masa ruwa, ba a kewaye shi ana fifita. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya nemo mota. Kowane koci da kyaftin zai iya koyon wannan a yini ɗaya. Yaron da ya taɓa suma a guje, ko yake jin ciwon ƙirji idan ya motsa, ko aka taɓa yin mutuwar farat ɗaya ta matashi a danginsu, a duba zuciyarsa kafin ya sake sa takalmi.

Akwai kuma rukunin jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Wannan ba ciwon sikila ba ne, kuma ba ya hana wasa. Sai dai gudu mai tsanani ba hutu, cikin zafi da ƙishirwa, na iya sa tsokar mai AS ta fara narkewa har ta toshe ƙoda. A Amurka, bayan mutuwar wasu ɗalibai a wurin atisayen ƙwallonsu ta hannu, hukumar wasannin jami'o'i ta fara neman a yi wannan gwaji ga 'yan babban rukuni tun 2010. A nan inda AS ta fi yawa nesa ba kusa ba, da wuya a sami kocin da ya san rukunin jinin yaransa. Wanda ya ji ƙafafunsa sun mutu a tsakiyar atisaye, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan wasa, ya zo a duba shi a ranar.

Abin da ba ya cin kuɗi

Za a ce MRI da tiyata ba na talaka ba ne, kuma gaskiya ne suna da tsada. Amma matakin farko ba shi da tsada haka. Asibitin Tunawa da Yusuf Ɗantsoho yana nan cikin Tudun Wada, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, kuma idan abin ya kai ga aikin ƙashi akwai Shika a Zariya da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ba kowace gwiwa ce ke bukatar wuƙa ba; wasu gashin ƙashi da motsa jiki a hannun ƙwararre ya ishe su. A kwana biyu na farko a huta, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a bar ruwan zafi da murza da man zafi. Wanda ba ya iya taka ƙafar taku huɗu, ko gwiwarsa ta kumbura cikin sa'o'i kaɗan, ko ta maƙale ba ta miƙewa, kada ya jira ya ga yadda za ta kasance.

Rigakafin ma akwai. FIFA tana da tsarin ɗumama jiki mai suna 11+, na kimanin minti 20, wanda ba ya bukatar komai sai ƙwallo da fili: gudu a hankali, ƙarfafa cinya da ƙugu, tsayuwa a ƙafa ɗaya, da koyon dirowa ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, aka wallafa sakamakon a 2014, raunuka suka ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari a ƙungiyoyin da suka bi shi. Masu shirya gasar unguwa da ke karɓar kuɗin rajista su sayi kofi da riguna, za su iya ware wani abu daga ciki don ma'aikacin lafiya ɗaya a bakin fili, da ruwan sha, da motar da direbanta ke zaune har a hura tashi. Kuma su rubuta a takardar gasar cewa idan ma'aikacin lafiyar ya ce yaro ya fita, koci da mai ƙungiya da 'yan kallo ba su da ta cewa.