Cinikin Zaure: A Rubuta Sharaɗin Zaɓi Kafin a Dangwala

Wani salon ciniki ya shigo ƙauyukan Gwiwa da Roni. Wakilan kamfanoni ne ke bi gida-gida da fitilar sola da wayar salula, wai a biya kaɗan-kaɗan. Su yi sallama da maigida a zaure, baki kamar zuma, kafin a kawo ruwa an zaro takarda da Turanci. Kunya ta hana dattijo ya ce a'a ga baƙon da ke kan tabarmarsa, sai ya dangwala. Da dare ya yi lissafi ya ga kuɗin ya haura na kasuwar Kazaure, amma a ce masa ai ya riga ya sa hannu. Ranar da ya gaza biya kuwa, a kulle na'urar daga nesa!

Su kansu Turawa sun gane cewa yardar da aka karɓa a ƙofar gida ba cikakkiya ba ce. A Ingila dokar 2013 ta ba mai saye kwana 14 ya fasa irin wannan ciniki ba tare da faɗin dalili ba, a Amurka kwana 3. A Nijeriya kuma dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mutum damar soke odar da ya yi kafin a kawo kaya, sai dai ana iya cire masa wani abu daidai gwargwado.

Alhali Musulunci ya riga su tun tuni. Sahabi Habbanu bin Munƙiz ana yawan cutarsa a ciniki, sai Manzon Allah (SAW) ya koya masa ya riƙa sharɗanta cewa babu yaudara, a wata ruwaya aka ba shi zaɓin kwana 3. To amma 'yan'uwa su lura da kyau: a mazhabar Malikiyya ciniki yana ƙulluwa da zarar an ce na sayar, na saya. Zaɓin fasawa sai an sharɗanta shi, in ba aibi aka gani a kaya ba. Muhtasar ya ƙayyade kamar wata 1 ga gida, kamar kwana 3 ga dabba ko tufa.

Nauyi ke nan a kan matashin da ya yi boko da Islamiyya. Lallai ya zauna kusa da mahaifinsa, ya karanta takardar, ya tambayi jimillar kuɗin, ya sa a rubuta kwana 3 na zaɓi a gaban shaidu 2. Wakilin da ya ƙi, a raka shi ƙofa da kayansa.