Kuɗin firigo ba ya ƙarewa a kasuwa

Yau firigo ya shiga gidajen talakawa. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, mata da yawa suna zuba adashe su sayi firigo domin sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi da zoɓo. Abin murna ne. Amma akwai kuskuren da nake gani gida-gida. Muna kashe kuɗinmu duka wajen saye, ba mu rage ko dala ta girkawa ba. A ganina, ladan mai haɗa wuta yana cikin kuɗin firigo. Wanda bai tanade shi ba, ya ƙara haƙuri da randa wata guda.

Tun a kasuwa karatunku zai yi muku amfani. A jikin kowane firigo akwai ƴar takarda, ciki ko baya. Ku nemi waɗannan baƙaƙe: N, ko ST, ko T. Mai N an ƙera shi don wurin da zafi bai wuce digiri 32 ba. Mai ST yana jure digiri 38. Mai T yana jure digiri 43. To, kun san bazararmu. A watan Afirilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Firigon hannu da ake kawowa daga Turai, da yawansu ba don irin wannan zafi aka yi su ba. Injinsu zai yi ta aiki ba hutu, ya ci wuta, ya mutu da wuri. Araha ba ta ado. Ku nemi mai T.

In an ɗauko shi, a ɗauko shi tsaye. Cikin injin akwai mai. In aka kwantar da firigo bisa amalanke, man yana gangarawa cikin bututun gas. Saboda haka in ya iso gida, a tsayar da shi, kada a kunna. In tsaye ya zo, a jira awa 4. In kwance ya zo, a jira awa 24. Na san yara za su matsa, maƙwabta za su leƙo. Su jira gobe.

Wajen ajiya kuma, firigo yana fitar da zafi ta bayansa, wasu ta gefe. Yana bukatar iska kamar mutum. A bar tazarar santimeta 10 tsakaninsa da bango. Kada rana ta buge shi, kada a sa shi kusa da murhu ko tukunyar gas. Ƙasa ta zama busasshiya, ba karkatacciya ba. In daɓen ƙasa ne, a sa katako mai ƙarfi. Wannan mayafi da ake lulluɓa masa don ado, a cire shi.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wutar gidajenmu wolt 220 ce, tana kashe mutum. Jikin firigo ƙarfe ne. In waya ta tsufa a ciki, ko ɓera ya ci ta, wuta tana iya shiga ƙarfen. Ido ba ya ganinta. Ita wuta hanyar ƙasa take nema. In an yi mata hanya, za ta bi. In ba a yi ba, za ta bi jikin wanda ya taɓa. Wa ya fi taɓa firigo a gida? Yaron da aka aika ya ɗauko ƙanƙara, ba takalmi, hannunsa jiƙe.

Hanyar da ake yi mata ita ce wayar ƙasa. Waya ce ta uku, mai launin kore da rawaya. Mai haɗa wuta yana kai ta ga sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Ɗakuna da yawa ba su da ita, waya biyu kawai gare su. A kira wanda ya koyi aikin, ya sa ta. A roƙe shi ya sa ƙaramar na'urar nan mai katse wuta da kanta in wuta ta fara zurarewa. Firigo ya samu nasa wurin sakawa a bango, shi kaɗai. Kada a haɗa shi da fanka da talabijin da dutsen guga kan igiyar ƙari guda. Igiyar tana zafi, tana narkewa, gobara ke nan. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu yanke kan waya, su cusa ta tsirara cikin rami, su danne da tsinken ashana.

Wani zai ce: maƙwabcina ya shekara goma haka, ba abin da ya same shi. Gaskiya ne. Wayar ƙasa ba kullum take aiki ba, ranar da firigo ya lalace take jira. Ba wanda ya san ranar. In kun taɓa firigo kuka ji yana ɗan tsunkulinku, to ranar ta zo. A cire shi daga wuta nan take.

In an ɗauke wuta, ku cire firigo. In ta dawo, ku jira minti 5 kafin ku mayar, domin injin ya huta. Kada ku yi ta buɗe ƙofa. Firigo a rufe yana riƙe sanyi wajen awa 4. Bayan haka nama da kifi da nono ba su da tabbas, ko ba su yi wari ba. Ɗanyen nama a sa shi can ƙasa cikin kwano mai murfi, kada jininsa ya ɗiga kan fura ko tuwon yara.

Sai ku masu sayar da ƙanƙara. In ƙanƙara ta daskare a jikin firigo, kada ku sa wuƙa. Ƙarƙashinta akwai bututun gas. Firigon zamani da yawa suna da gas mai suna R600a, kuma yana kama wuta. Ku cire firigon, ku buɗe ƙofa, ku ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki. Ƙanƙarar za ta sauko da kanta.