HUTUN DOLE DA HAƘƘIN MA'AIKATAN JIRGI NA KOMAWA BAKIN AIKINSU

 Ya 'yan uwa masu karatu, muna son mu ja hankalinku a wannan wata zuwa ga wasu bayin Allah waɗanda kowane mahajjaci da ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III na nan Sakkwato ya ratsa ta hannunsu, amma da wuya a ji an ambace su a wurin wa'azi ko a shafin jarida. Su ne ma'aikatan cikin jirgi, maza da mata, masu kula da fasinja.

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe filayen jiragen Nijeriya, kamfanin Arik ya rage albashin watan Afrilu da kashi 80 cikin ɗari, sannan ya tura kashi 90 cikin ɗari na ma'aikatansa hutun dole ba albashi daga ranar 1 ga Mayu. An sake buɗe zirga-zirgar cikin gida a watan Yuli, amma kafin shekarar ta ƙare sai kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 300, yana tsakiyar takaddama da ƙungiyoyin ƙwadago na NUATE da ATSSSAN. To, wanda aka ce masa ya je gida ya jira, da wace hujja zai ce lokacinsa na dawowa ya yi? Wa za a fara kira? In kamfani ya ga dama ya ɗauko sabon yaro a kan rabin albashi ya zaunar da shi a gurbin mai jiran, wa zai hana?

Mai karatu zai ce ai akwai doka. Lalle akwai Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda sashe na 20 nata ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ma'aikata kafin ya rage su, kuma ya fara da wanda ya shigo daga baya. Sai dai sashen bai ce komai ba game da mayar da wanda aka rage idan al'amura suka daidaita. Abin da ya fi wannan muni shi ne, inda dokar ta bayyana wanda take nufi da ma'aikaci, a sashe na 91, ta fitar da wanda ke aiki a cikin jirgin ruwa ko jirgin sama. Ke nan ɗan inuwar da leburan masaƙa ke fakewa a ciki ma ba ta kai ga mai kula da fasinja ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne takardar ɗaukarsa aiki da yarjejeniyar da ƙungiyarsa ta ƙulla da kamfani. Abin da ba a rubuta a nan ba, babu shi.

Malaman fiƙihu, a babin ijara, sun rarrabe tsakanin ɗan ƙodago iri biyu. Akwai wanda ke yi wa kowa aiki, kamar tela ko marini, wanda ladarsa ke rataye da gama aikin. Akwai kuma wanda mutum guda ya keɓe wa kansa na wani lokaci sananne, shi kuwa yana cancantar ladarsa da zarar ya miƙa kansa ya tsaya a shirye, ko da mai aikin bai ba shi abin yi ba. Ma'aikacin cikin jirgi na kashi na biyu ne, babu shakka. Gaskiya ne malamai sun yi magana a kan uzurin da ke warware ijara, kuma jirgin da hukuma ta hana tashi uzuri ne babba. Ba ma cewa a matsa wa kamfani ya biya abin da ba shi da shi. Amma dubi abin da hutun dole yake yi. Bai warware ijarar ba balle mutum ya karɓi haƙƙinsa na sallama ya nemi wata sana'a, kuma bai tabbatar da ita ba balle a ba shi albashi. An bar shi a rataye, kamar macen da miji ya ƙaurace wa, ba aure ba saki, halin da Musulunci ya yi hani da shi a fili. Idan har kamfani yana son ya riƙe mutum a ajiye don ranar buƙata, mafi ƙarancin abin da adalci ke nema shi ne ya ɗaure kansa da alkawarin cewa ranar da buƙatar ta zo, shi za a kira.

Wasu ƙasashe sun daɗe da sanya wannan a rubuce. A Amurka yarjejeniyar ƙungiyoyin ma'aikatan jirgi kan ƙunshi jerin sunaye bisa daɗewa a aiki, kuma kamfani ba ya ɗaukar baƙo sai ya gama kiran na kan jerin. Shi ya sa da kamfanonin American da United suka tura mutum sama da 30,000 hutun dole a Oktoban 2020, aka soma kiransu a Disamba da zarar tallafin gwamnati ya dawo. Amma can ɗin ma akwai darasi mai ɗaci. Ma'aikatan tsohon kamfanin TWA, wanda American ya saye a 2001, an jera su a ƙarshen jeri, aka tura su gida bayan harin 11 ga Satumba, alhali wa'adin haƙƙin kiransu shekara 5 ne kacal. Da yawansu suna zaune wa'adin ya cika a kansu. Saboda haka tsawon wa'adin da abin da zai faru idan kamfani ya canja hannu, su ne ƙashin bayan maganar.

Mu kuwa a nan gida mun ga abin da ya fi haka. Da gwamnatin Obasanjo ta rufe Nigeria Airways a 2003, ma'aikatansa kusan 6,000 suka watse, kuma Virgin Nigeria da aka kafa a madadinsa bai gaji wani alkawari na ɗaukarsu ba. Sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince da sakin naira biliyan 22.68, wato rabin abin da suke bi. Shekara 15! Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin kuɗin su fito.

Mun san wani ɗan uwa zai ce mene ne ruwanmu da wannan sana'a, alhali muna da magana a kan shigar da ake sa matan cikinta su yi. Muna da magana ƙwarai, kuma ba mu janye ta ba. Amma ba a tauye wa mutum ladar guminsa don ana ƙin tufafinsa, ko don addininsa ya saɓa da namu. Kuma mutanen Sakkwato sun fi kowa sanin cewa aikin nan ya wuce raba abinci. Jirgin alhazanmu da ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 yana kan hanyarsa ta zuwa nan, mutum 261 ne suka rasu a cikinsa, 14 daga cikinsu ma'aikatan jirgin ne. Wanda ya shekara goma yana koyon yadda ake fitar da jama'a daga jirgi mai hayaƙi, asara ce ga fasinja kansa a musanya shi da sabon shiga don rangwamen albashi.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda amanar mutanen nan ke wuyansu, kada su yarda a rufe zaman sulhu a kan ƙarin alawus kaɗai a bar wannan babi. A rubuta cewa za a kira mutane bisa daɗewarsu, ba bisa sanayya ko ƙabila ba. A rubuta shekarun da haƙƙin zai ɗauka, masu tsawo. Kuma shekarun da mutum ya yi a baya su ci gaba da ƙirguwa. Sannan kada a manta da lasisi. Mai kula da fasinja sai ya sabunta horonsa da gwajin lafiyarsa a kai a kai, wanda ba ya karɓar albashi kuwa ba shi da kuɗin yin haka, sai ranar kira ta zo a ce takardunsa sun mutu. Wannan nauyi kamfani ya kamata ya ɗauka.

Hukumar Alhazai ta Ƙasa ma tana da ta cewa, tunda ita ke tantance kamfanonin da ke jigilar mahajjata kowace shekara. Kuɗin kujera da manomin Gwadabawa ko ɗan kasuwar Illela ya tara shekara da shekaru su ne ke shiga aljihun kamfanonin nan. Ba zai yi wa hukumar wuya ba ta ƙara tambaya guda a takardar tantancewa: mutum nawa kuka tura hutun dole, kuma nawa kuka mayar kafin ku ɗauki sababbi?