KOWA YA CI LADAN KUTURU YA YI MASA ASKI

A kasuwar Ribah, da ta Bena, da ta Zuru, babu hajar da ta fi saurin shiga hannu a farkon damina kamar maganin feshi, da kaka kuwa sai maganin ajiyar wake. Wani a kwalbarsa ta asali, wani an juye shi a gorar ruwan sha, ba suna, ba lamba. Mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba, mai saye kuwa balle. To, tambayar da muke so mu aza a gaban masu karatu a wannan mako ita ce: wa ke da alhakin sanin abin da ke cikin kwalbar nan? Mu dai ra'ayinmu, kamfanin da ya haɗa kayan ya buga sunansa a jiki shi ke da wannan alhaki, tun daga duron farko da ya shigo ƙofar ma'aikatarsa har zuwa hannun talakan da ya biya kuɗinsa a ƙauye. Shi ya ci ladan kuturu, shi zai yi askin.

Bari mu fara da labarin da ya kamata kowane mai kamfani a ƙasar nan ya haddace. A watan Nuwamba na 2008 aka dinga kawo yara ƙanana manyan asibitocin Zariya da Ikko da Badun, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta tsaya. Da likitoci suka bi sawu, sai suka tarar yawancinsu an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa da ke Ikko. Kafin a gama kwashe maganin daga kantuna yara 84 sun rasu.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wani ruwa mai kauri, mai ɗan zaƙi-zaƙi, wanda masu haɗa magani ke narka garin magani a cikinsa domin yaro ya iya sha, sunansa furofilin gilaikol. Yana da wani ɗan'uwa da suka yi kama ƙwarai, launinsu ɗaya, shi ma da kaurinsa da zaƙinsa, ana kiransa dayitilin gilaikol. Shi wannan na biyu a man birkin mota da ire-irensa ake aiki da shi, ya fi araha, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Hukumar NAFDAC ta bincika, ta ce kamfanin ya sayi kayansa ne a hannun wani dillali a Ikko wanda ba shi da izinin cinikin sinadarai. Watau cinikin biri a sama aka yi. Da an ɗebi cokali guda daga duron nan an kai ɗakin gwaji kafin a zuba, da an gane. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai, amma ɗauri bai komo wa uwa ko ɗaya da ɗanta ba.

Abin takaicin shi ne, wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1990 wannan gubar ɗin dai ta shiga ruwan farasitamol na yara, ta kashe 109 a Badun da Jos, kuma wannan masifa tana cikin dalilan kafa NAFDAC a 1993. Ba shi ne kuma na ƙarshe ba. A 2022 ta sake ɓulla a ƙasar Gambiya cikin maganin tari da aka kawo daga Indiya, yara wajen 70 suka tafi. A nan Kano kuwa, a 2021, aka sayar da buhun wani sinadari na masana'anta da sunan ɗan tsami, masu haɗa lemo suka saya suka dama, Gwamnatin Jiha ta ce mutum 10 sun mutu, wajen 400 sun kwanta asibiti. Ruwa ba ya tsami banza. A duk waɗannan wurare cutar ɗaya ce: kaya sun bi hannuwa da yawa, kowane hannu ya ci ribarsa, babu hannun da ya tsaya ya tambayi na gabansa, mene ne wannan da ka miƙo mini?

Kada wani ya ce mana abin ya fi ƙarfin ɗan Adam. Hanyar tsare shi sananniya ce, kuma kamfanonin kirki suna binta kowace rana. Kamfani yakan ajiye littafi na dukan sinadaran da yake aiki da su. Ba ya saye sai a hannun dillalin da ya bincika ya amince da shi. Kowane duro yakan zo da lambar rukuninsa, da takardar shaidar gwaji daga wanda ya yi shi, da wata takardar da ke bayyana haɗarinsa da yadda ake ajiye shi da abin da za a yi in ya zube ko wani ya sha. Duk da haka kamfanin yakan sake gwada duron da kansa, domin takarda ba ta ƙin tawada. Sa'an nan in ya fitar da kaya yakan rubuta wane rukuni ne ya tafi wane gari, domin ranar da aka ga ɓarna a san inda za a bi a kwaso. Aikin akawu ne da na mai gwaji, ba tsafi a ciki.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun mayar da wannan doka tun 2007, dokar da suke kira REACH. A ƙarƙashinta duk wanda zai yi ko ya shigo da sinadarin da ya kai tan ɗaya a shekara sai ya yi masa rajista a ofishinsu da ke Helsinki ta ƙasar Finlan, ya kawo bayanin haɗarinsa. In babu bayani, babu kasuwa. Har ma mai saye yana da ikon ya rubuta wa kamfani ya tambaya ko akwai wani mugun sinadari a cikin takalmin da ya saya, tilas kuma a ba shi amsa cikin kwana 45. Nauyin bincike suka ɗauke daga kan mai saye suka aza wa mai cin riba.

Kuma kada a ce namu ba su iya ba. Kamfanonin jima na Kano, na Challawa da Sharada da Bompai, suna jeme fata da gishirin kuromiyam su aika Italiya da Sifen. Tun 2015 Turawa suka yanke cewa kayan fatar da za su taɓa jikin mutum kada mugun nau'in kuromiyam ya kai kashi uku cikin miliyan a cikinsu. Wanda ke son kasuwar Turai tilas ya auna, yana kuwa aunawa. Amma shekara da shekaru ruwan dattin ma'aikatun nan yana gangarawa kogin Challawa da rafin Jakara, inda masu lambu ke ban ruwa, masana kuma sun sha auna ruwan suna samun kuromiyam a ciki. Ashe ma'aunin yana nan, sai dai an ajiye shi don ƙafar Bature. Cikin talakan da zai ci latas da kabejin lambun nan, shi ba a auna masa.

Mu komo gida. Ƙasar Zuru ƙasar noma ce, dawa da wake da gyaɗa su ne ƙarfinmu, kuma mu ne a ƙarshen igiyar nan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami dikilobos a jikinsa, watau gubar da ke cikin Sniper da fiya-fiya. A wasu kayan abin da aka samu ya ninka iyakar dokarsu har sau 460. Su sun auna sun ƙi. Waken da bai tsallaka teku ba fa, wa ya ci shi? 'Ya'yanmu ne, a ƙosai da alala da shinkafa da wake. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, amma hani a takarda daban, abin da ke kan tebur ranar kasuwa daban. Haka kuma maganin ciyawa farakwat, wanda aka haramta a Tarayyar Turai tun 2007, an shafe shekaru ana yinsa a Ingila ana lodi zuwa ƙasashen waje. Abin da suka ƙi fesawa a gonarsu sun yarda su sayar wa wasu.

Ta ɗaya gefen igiyar ma haka abin yake. Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum sun binne yara fiye da 400 daga 2010, saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Zinariyar ta tafi inda za ta, ta zama sarƙa da awarwaro, masu sayenta kuwa ba su tambayi a tsakar gidan wa aka niƙa ta ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san abin da masu kamfani za su ce. Za su ce gwaji tsada gare shi, in suka gwada kowane duro kaya za su yi tsada, talaka ne zai sha wuya. To, a ɗora kuɗin gwajin duro guda a ma'auni, a ɗora rayukan yara 84 a ɗaya gefen. Ko ta fuskar ciniki ma, kamfanin Barewa da ya yi tsimin kuɗin gwaji, ina ribar da ya ci? Masu fitar da wake da aka rufe musu kasuwa, nawa suka yi asara? Za su kuma ce laifin manomi ne da ya zuba maganin feshi a cikin abinci. Gaskiya ne, in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, kuma ɗan kasuwar da ya san guba ce ya zuba don kada ƙwari su ci masa riba, mai laifi ne. Amma wanda ya rubuta gargaɗi da Turanci, da ƙananan baƙaƙen da ko mai tabarau sai ya ƙura ido, ya kuma bar dillalinsa yana juye kayan a gorar da ba ta da suna, ba shi da bakin kiran kowa jahili.

Saboda haka ga abin da muke nema.

Na ɗaya, kowane kamfani mai haɗa magani, ko abin sha, ko maganin feshi, ya gwada kowane duro kafin ya buɗe aiki da shi, ya ajiye shaidar inda mai bincike zai gani.

Na biyu, cinikin sinadarai ya tsaya a hannun masu izini kaɗai, wanda kuma ya saya a hannun marar izini a hukunta shi daidai da mai sayarwa.

Na uku, a buga gargaɗi da Hausa da manyan baƙaƙe a jikin duk kwalbar da za a sayar a Arewa, tare da hoton ƙoƙon kai da jan layi ga mai tsananin guba, domin wanda bai yi makaranta ba ya gane.

Na huɗu, kamfani ya san dillalansa har na kasuwar ƙauye, ya koya musu, ya kuma karɓi kwalabe da jarkokin da aka gama da su, domin a daina zuba man gyaɗa da ruwan sha a cikinsu.

Na biyar, NAFDAC da NESREA su riƙa bayyana sunan kamfanin da ya faɗi gwaji a rediyo da harshen da jama'a ke ji. Ma'aikacin da ba ya zuwa Ribah sai an yi mutuwa, albashinsa bai halatta ba.

Na shida, Gwamnatin Jihar Kebbi da Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu su sa malaman gona su zaga ranakun kasuwa suna nuna buhu mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ba tare da ɗigon magani ba. Sarakunan kasuwa kuma su hana shimfiɗa duk gorar da ba ta da suna.

Ku kuma 'yan'uwa manoma da iyaye mata, kuna da naku ikon. Kada ku sayi abin da ba shi da suna da lamba da ranar lalacewa, kome arahar sa. Ku tambayi mai tebur daga ina ya saro, shi ma ya koma ya tambayi wanda ya ba shi, har tambayar ta isa ofishin manaja a Ikko. Ranar da gorar da ba ta da suna ta yi kwantai a kasuwar Bena, ranar ce masu kamfani za su san akwai mutane a wannan ƙarshen igiya. Rigakafi ya fi magani.