Shawara ga Masu Niyyar Hawan Dutsen Kufena da Hunturu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in amsa tambayar da wani malamin makaranta na ƙasar Bakori ya aiko. Ya ce yana so ya kai manyan yaran ajinsa su hau wani dutse mai tarihi cikin hunturun nan, a tafi da safe a komo da yamma, amma ya rasa wanda zai nufa, iyayen yara kuwa suna ta ɗari-ɗari. Na ga tambayar ta shafi malamai da akawuna da yawa tsakanin Funtuwa da Malumfashi, don haka na ce bari in amsa a fili, kowa ya ji, wanda ya fi ni sani kuma ya ƙara.

Ni akawu ne, abincina lissafi. Abin da na ke so in shawarci malamin nan da shi kuwa lissafi ne: mai shirin irin wannan tafiya ya fara tsai da sa'ar da zai komo gida, sa'an nan ya ƙirgo baya baya har ya iso sa'ar tashi. Galibinmu kuwa da sa'ar tashi mu ke farawa, mu bar komowa ga sa'a. Wanda ya ɗauki 'ya'yan mutane ya ɗauki amana, amana kuwa ba ta sauka daga wuya sai an miƙa kowane yaro ƙofar gidansu da sauran rana.

To, wane dutse za a nufa? Masu ƙananan yara kada su wahalar da kansu, ga duwatsunmu nan kewaye da Funtuwa, sun isa yaro ya koyi hawa da sauka. Mutanen Malumfashi in sun so suna iya bin hanyar Dayi da Gwarzo su tafi Dala, wanda ya ke tsakiyar birnin Kano, da matakala har bisa. Akwai kuma Dutsen Kwatarkwashi kusa da Gusau, wanda ya fi waɗannan duka kwarjini, amma hanyarsa ta Sheme da 'Yankara da Tsafe ta sha hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan, ba na ba kowa shawara ya bi ta da yara. Wanda na zaɓa shi ne Kufena, yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa. Daga Funtuwa zuwa Zariya wajen mil 50 ne, ta Giwa da Shika da Samaru. Daga Malumfashi kuwa sai a ƙara wajen mil 30, ta Bakori.

Dalilin zaɓen ke nan. Kowane yaro na aji shida ya ji sunan Amina, amma kaɗan ne suka taɓa ɗora ƙafa inda aka yi abin. Tarihin Zazzau ya nuna sarauta ta zauna Turunku, kudu da Zariya, kāna ta komo gindin Kufena, daga baya birnin Zariya ya kafu. Ana lissafta sarautar Bakwa Turunku daga wajen 1536, an kuma ce Amina da ƙanwarta Zariya 'ya'yan Bakwa ne, sunan ƙanwar ne birnin ya ɗauka. Masana sun saɓa a kan zamanin Amina, gama Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, watau tun cikin ƙarni na 15. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta cikin Infaƙul Maisuri, ya ce yaƙinta ya kai har Katsina da Kano suka ba ta gandu. Mu mutanen ƙasar Maska da muke zaune tsakanin Katsina da Zazzau, ai labarin ƙofar gidanmu ne. Har yanzu akwai kufan ganuwa a gindin dutsen, malaman Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru cikin 1962, sun yi bincike a kai. Yaron da ya tsaya bisa ya dubi sarari ta kowace fuska zai gane da kansa abin da ya sa kakanninmu suka kafa garuruwa gindin duwatsu, kamar Dala da Kwatarkwashi: daga bisa ana hango maƙiyi tun yana nesa, in an matsu kuma akwai wurin fakewa. Gani ya kori ji.

Me ya sa hunturu? Da damina falalen dutse yana ɗaukar gansakuka, ya yi sulɓi kamar an shafa sabulu, ciyawa kuma ta rufe hanya, ga tsawa tana son wuri mai bisa. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, dutse ya kan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu. Amma daga Disamba zuwa farkon Fabrairu dutse a bushe ya ke, ciyawa ta kwanta, an gama girbin masara da dawa, iyaye sun sayar da auduga sun sami na mota. Aibin hunturu ɗaya ne, watau hazo. Ƙurar nan iska ce ke kwaso ta daga wani kwari da a ke kira Bodele a ƙasar Cadi, arewa maso gabas da tafkin Cadi, ta watsa mana. Ranar da ta yi kauri, mai tsayuwa bisa Kufena ba zai hango ko birnin da ke gabansa ba, har jiragen sama su kan fasa tashi. Saboda haka a sa rana biyu, ba ɗaya ba. In aka wayi gari ranar farko aka ga rana ta fito fara fat kamar wata, a haƙura sai ta biyu. Ko da ɗan hazo ma ba a yi hasara duka ba, domin a lokacin da ciyawa ta bushe ne kufan ganuwa ya fi fitowa sarai.

Yanzu ga lissafin. A watannin nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da 'yan mintoci, tana fitowa kusan ƙarfe 7. Ina so yaron da gidansu ya fi nisa, watau na Malumfashi, ya shiga gida ƙarfe 5 da rabi, tun ba a kira magariba ba. In haka ne, tilas mota ta bar Funtuwa ƙarfe 4 da rabi. Tsakanin Zariya da Funtuwa a ba ta awa 2, don akwai shingayen jami'an tsaro da manyan motocin hatsi, kuma taya ba ta shawara kafin ta fashe. Ke nan a bar Wusasa ƙarfe 2 da rabi, an riga an yi azahar an ci abinci. Domin haka ya yiwu, kowa ya sauko daga dutse ƙarfe 12 da rabi. In an ba hawa da kallo da sauka awa 3, sai a fara hawa ƙarfe 9 da rabi. Ashe tashi daga Funtuwa ƙarfe 7 ne, da fitowar rana. Mutanen Malumfashi da Kafur su zo Funtuwa tun jajibere su kwana wurin 'yan'uwa, kada su ce za su yi asubanci cikin duhu.

Wannan lissafi yana da doka guda wadda ba a karya ta. In aka makara da safe, abin da za a rage shi ne lokacin bisa dutse, sa'ar komowa kuwa tana nan inda ta ke. Ƙarfe 12 na bugawa shugaban tafiya ya ce a juya, ko da saura taki goma a kai ƙololuwa. Yara za su yi gunaguni, wani babba ma zai ce ai ɗan kaɗan ya rage. Kada a saurare shi. Dutse ba ya gudu, yana nan baɗi.

Na san abin da ke ran iyaye, ba kuwa zan ɓoye shi ba. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, nan maƙwabtanmu, sai bayan kwana shida aka sako su. Cikin 2022 kuma an kai munanan hare-hare ƙauyukan Giwa, ƙasar da hanyar Zariya ke ratsawa. Uban da ya ce ɗansa ba ya zuwa yana da hujja, kada a yi masa ba'a, kada kuma a matsa masa. Abin da ya wajaba ga malami shi ne tambaya. Kwana biyu kafin tafiya ya je tasha ya tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, ya tambayi 'yan sanda, ya sake tambaya da safen ranar. In labari bai yi daɗi ba a fasa, ba kunya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kada a baza ranar tafiya a Facebook ko WhatsApp, hotuna su jira sai an komo. Kada jama'a ta wuce cikin mota guda, yara 12 zuwa 14 da manya 3 sun isa. A rubuta sunayen masu tafiya duka, da yardar kowane uba a rubuce, a bar kwafe guda wurin shugaban makaranta, a kuma yi alkawarin buga masa waya sau uku: da isa, da saukowa, da barin Zariya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran mako guda babba ɗaya ya je Wusasa da kansa, ya gai da mai unguwa, ya faɗi abin da ke tafe da su, ya roƙi a ba su ɗan gari wanda ya san hanyar hawa. Baƙo ba ya hawan dutsen mutane bai yi sallama ba. Ɗan gari ne ya san gefen da ke da sauƙi, da kogon da zuma ta ke, da inda za a ajiye mota. A shirya masa ɗan abin goro tun daga gida.

Ga guzuri. Kowa ya riƙe ruwa lita 2, ban da na alwala, wanda za a bari cikin mota. Sanyi yana ruɗin mutum ya ga kamar ba ya jin ƙishirwa, alhali iskar hunturu tana tsotse jiki a ɓoye. A ɗauki abin da ba ya lalacewa, kamar dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da dafaffen dankali. Kowa ya sa rigar sanyi wadda zai iya tuɓewa, gama ɗarin ƙarfe 7 dabam, ranar ƙarfe 11 bisa falalen dutse dabam. Takalmi ya zama mai rufi mai ƙasan roba. Silifa da takalmin fata mai santsi su zauna gida, babbar riga ma haka, don iska tana cika ta, ƙafa kuma tana harɗewa da ita. A shafa man kaɗanya a leɓe da dunduniya. Yaro mai ciwon asma ya zo da maganinsa, in kuwa hazo ya yi yawa a bar shi ƙasa tare da babba.

A bisa dutse abu huɗu na ke tsoro. Na farko wuta. Lokacin ƙonar daji ne, masu farautar gafiya suna cinna wa ciyawa wuta, ita kuwa wuta ta fi gudu in tana hawa tudu. In an ga hayaƙi ƙarƙashin hanyar da za a bi, a dakata, kuma kada kowa ya ƙyasta ashana. Na biyu zuma: kada a yi jifa cikin kogo, kada a shafa turare mai ƙarfi. Na uku maciji da kunama. Sanyi ya kan sa su lafewa ƙarƙashin duwatsu da cikin tsaga, don haka kada yaro ya zura hannu inda idonsa bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibiti nan da nan. Akwai asibiti a Wusasa tun zamanin da 'yan mishan suka komo can daga cikin birni a 1929, ga kuma babban asibitin koyarwa a Shika, bisa hanyarmu ta gida. Na huɗu sauka. Yawancin faɗuwa wurin sauka a ke yi, sa'ad da gwiwa ta gaji, yara kuma suna tsere. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya, kada kowa ya wuce na gaba. A ƙirga kawuna a gindin dutse, a ƙirga a bisa, a ƙirga a bakin mota.

Kada kuma tafiyar ta zama yawon buɗe ido kawai. Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, ya zana inda birni ya ke, da inda ganuwa ta bi, da gabas da yamma. In sun ga tsingaro ko dutsen niƙa na mutanen dā, su duba su zana, su bar shi inda ya ke, domin in kowane baƙo ya tsinci guda, jikokinmu ba za su tarad da kome ba. Kada a rubuta suna jikin dutse, kada a bar leda.

Wani zai ce, duk wannan wahala don hawan dutse guda? Ni abin da na ke gudu shi ne mu wayi gari da samarin da suka san sunan duwatsun Turai cikin littafi, ba su taɓa ganin na ƙasarsu ba, domin tsoro ya kulle su cikin gari tun suna ƙanana. Tsoron yana da dalili, shi ya sa na tsawaita a kan tambaya da lissafi. Amma ranar da hanya ta yi kyau, aka tambaya aka ji lafiya, malamin da ya yi shirinsa daidai ya kai yaransa su gani. Ina roƙon malamin Bakori, da duk wanda ya je, ya rubuto wa Edita ya gaya mana ƙarfe nawa suka tashi, ƙarfe nawa suka komo, da abin da yaran suka gano, don na baya su ƙaru.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawun Funtuwa.