Zariya Ko Sakkwato? Shawara Ga Ɗaliban Bagudo

Kowace shekara, idan lokacin cika takardar JAMB ya zo, ɗaliban Bagudo sukan rasa wadda za su zaɓa tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe cikin 1962, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa cikin 1975. Galibinsu sunan Zariya ne ke jan hankalinsu.

Lalle mai neman ilmin aikin gona yana da hujja, domin cibiyar binciken noma ta Samaru tana can. Amma mai son lauya ko likita, me zai kai shi nesa alhali Sakkwato tana koyar da su? Ya kamata ya tuna shinkafar da mahaifinsa ya noma a bakin Kwara ake sayarwa a biya masa kuɗin mota kowane hutu.